Inda Damo Ya Shiga Rijiya

Sabon Birni,
12 ga Satumba.

Zuwa ga Malama Bilkisu, Tozai.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah nake sanar da ke, da sauran dangi na Tozai da kewaye, rasuwar haƙorina na turmi, na hagu daga ƙasa. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi, bayan gajeruwar jinya da doguwar jayayya da wani ƙashin akuya. Ya bar 'yan'uwa ashirin da shida, mafi yawansu babu cikakkiyar lafiya. Ba a buƙatar zuwa ta'aziyya. Wanda ya matsu, ya aiko da fura mai laushi.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ki gaishe mani da amaryata Inna Tasalla, ki ce angonta na nan bai sake aure ba. Cikin kakanninmu ita kaɗai ta rage, ki riƙe mana ita da kyau.

Tun da anka yanke sabis a ƙasar nan, waya ta zama madubin duba fuska. Na koma ga alƙalami, abin da na fi iyawa tun ina sufeton makarantu. Amiru mai gishiri, wanda ke bi ta garinku zuwa kasuwar Isa, ya yarda ya zame mana gidan waya. Shi ya ce mani ya ga 'yan ajinki sun jeru daga bakin tafki, kowa da curin yumɓu bisa kai. Ya ce ya ɗauka ginin tukunya makarantar ta koma. Na ce mashi jikanyar Jibrilla ce, ba a mamakin abin da ya fito daga gidan nan. Amma dai ki faɗa mani mi kike ƙullawa, don in san irin kunyar da za ni ji a gaban tsoffin abokan aikina.

Taubashinki kuma ubangidanki,
Ɗanmusa.

Tozai,
20 ga Satumba.

Yaya Ɗanmusa,

Bayan gaisuwa, mun samu sanarwar rashin da anka yi. Allah ya ba sauran haƙuri da kai, don su ke cikin wahala. Muna lafiya, sai ƙaramar ɗiyata da ke fama da zazzaɓi yana zuwa yana komawa. Kuma ka daina kiran kanka ubangida. Kakana Jibrilla namiji ne, kakarka Uwa ƙanwarsa ce. Jikan mace bai taɓa zama ubangidan kowa ba.

Ga abin da nake ƙullawa. Littafin da anka ba mu cike yake da labaran mutanen dauri na wasu ƙasashe, sunayen da ni kaina sai na yi bismilla nake iya faɗa. Ina karantawa yara na hamma. Rannan sai na tambaye su: wa ya san kan gidansu, wato dabbar da gidansu ba su ci, ba su kashewa? Cikin arba'in da ɗaya, tara sunka ɗaga hannu. Cikin taran nan babu wanda ya san dalili. Sai na ce kowa ya koma gida ya tambayi tsoho. Wanda ya samo labari ya tsaya gaban aji ya ba mu da bakinsa, sannan a zana a allo, a gina da yumɓu.

Yaya, da ka ga ajin nan. An kawo na bushiya, an kawo na gauraka. Wata yarinya, Kausar, wadda tun farkon shekara ban taɓa jin muryarta ba, ta tsaya ta ba da labarin kada har tana kwaikwayon tafiyarsa.

Namu na damo kuwa, Inna Tasalla da kanta take zuwa duk Alhamis. Na kan sa a ɗauko ta a amalanke, ta zauna gindin bedi, dalbejiyar nan ta filin makaranta. Ba ta ba da shi gaba ɗaya. Ta kan ba da guntu, ta ce sai ta ga an gina wannan sannan ta ƙara, wai haka anka ba ta ita ma, guntu-guntu, tana kaɗi. Ya zuwa yanzu, birnin Alkalawa ya faɗi a yaƙi, kakar kakanninmu Mairama ta fito da goyo, kwana uku ba ruwa, sai ga damo gabanta, ta tsaya ya tsaya, ta tafi ya tafi. Damo arba'in ke shan iska bisa tagogin ajina, wasu sun fi kama da kare.

Ƙarshen zango za mu kira iyaye su zo su gani, su ji daga bakin 'ya'yansu. Abu biyu nake roƙo. Ka aiko mani da kalar zane da kwali, nan sai jar ƙasa da shuni muke da su. Kuma ka zo ranar ka zame mana alƙali, tunda har yau mutanen garin nan in ka yi tari cewa suke hukuma ta yi magana.

Uwar ɗakinka,
Bilkisu.

Daga ofishin Sufeto mai murabus,
Sabon Birni,
27 ga Satumba.

Zuwa ga hukumar makaranta, ta hannun Malama Bilkisu.

Labari ya iso mana cewa an buɗe masana'antar gumaka a cikin makarantar gwamnati, ana ɗora su bisa tagogi, ana kuma ɗauko wata tsohuwa tana karanta masu tarihinsu. A zamaninmu, in munka tarar da irin wanga, kafin azahar mun rubuta a sallami malamar. A faɗa wa iyayen yara cewa za ni zo da kaina ƙarshen zango, da gatari a kafaɗa, kuma kowa ya san abin da anka taɓa yi wa gumaka da gatari.

Sa hannu da hatimi,
Ɗanmusa.

Bilkisu, wagga ta biyu ita ce wasiƙar gaskiya, na cusa ta cikin kwalin kala don ki fara cin karo da waccan. Ina fatan kin ɗan razana. Na tarar da ragowar takardun ofis da tsohon hatimina cikin akwati, na ce bai kamata su tsufa ba su tsorata kowa ba.

Ina gaishe ki, ina yi wa ɗiyarki fatan sauƙi. Ga kala gwangwani shida da kwali goma. Ruwan ɗorawa ya ƙare a kasuwa, sai ki gaya wa damo ya yi haƙuri.

Game da labarin, ba don in rage maki daɗi ba, amma irinsa na ko'ina. Na karanta na mutanen da tsuntsu ya nuna wa ruwa, da na waɗanda kura ta nuna wa hanya. Duk al'ummar da ta taɓa gudu sai ta ce wata dabba ta yi mata jagora, ba wanda ke son ya ce kakansa ɓata ya yi har ya faɗa inda yake. Na damon nan kuwa na san shi tun kina cikin zani, a cinyar Uwa na ji shi. Amma ki bar amaryata ta ja zarenta, ya fi daɗi a bakinta. Za ni zo in yi alƙalanci, da sharaɗin a ba ni kujera mai jingina.

Ɗanmusa.

Sabon Birni,
30 ga Oktoba.

Bilkisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu lau. Wata guda ke nan da kwana uku ban ga rubutunki ba. Sau biyu Amiru na dawowa hannu wofi. Da na matsa mashi sai ya ce shi gishiri yake saidawa, ya kau da kai, abin da ba halinsa ba.

Na lissafa dalilai uku. Ko kala bai yi maki ba, ko damo ya cinye alƙalamin, ko kin yi fushi, wanda doka ba ta ba taubashiya izni ba. In kuwa jikin yarinya ne, ki faɗa mani, kada ki bar ni ina zolaya a kan abin da ba na zolaya ba. Ko layi biyu ne ki aiko.

Ɗanmusa.

Tozai,
6 ga Nuwamba.

Malam Ɗanmusa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Yarinya ta warke, alhamdu lillahi.

Na daɗe ban rubuto ba don ban san da wane baki za ni yi maka magana ba. Ranar da saƙonka ya iso ba ni gari. Jikin yarinya ya tsananta, na kai ta asibiti Isa, munka kwana shida. Amiru ya aje kwalin kala a gidana. Ambulan kuwa, da ya ga hatimi da sunan hukumar makaranta, sai ya kai wa hedimasta, yana ganin ya kyauta. Hedimasta sabo ne, bai san abin da ke tsakaninmu ba. Ya karanta, ya ɗauka da gaske ne, ya kai wa Malam Hafizullahi, shugaban iyayen yara. Shi kuma ya tara iyaye bayan Juma'a ya karanta masu.

Kada ka zargi Malam Hafizullahi. 'Ya'yansa biyu ke ajina, shi ya fara ba mu aron amalanke. Amma dama akwai masu gunaguni tun farko, ana danne su da cewa wasan yara ne. Da anka ji kalmar gumaka daga bakinka, kai da ka fi kowa karatu a zuriyar nan, kuma da hatimi, ba wanda ya sake cewa wasa ne.

Ba a yi faɗa ba, ba a fasa kome ba. Ranar Litinin hedimasta ya sa kowane yaro ya ɗauki nasa ya maida tafki inda anka ɗebo yumɓun. An ce mani sun tafi a jere kamar yadda sunka zo da shi. Kausar ta tambayi hedimasta wai in an sa kadanta a ruwa narkewa zai yi ko iyo. Da na dawo tagogi wayam. Sai da na buɗe kwalin kala na ga wasiƙarka ta biyu. Na kai masu, sunka ce wannan ba ta da hatimi.

Duk wannan da sauƙi, yumɓu bai ƙare a tafki ba. Babbar damuwar ita ce Inna. Wata maƙwabciya ta kai mata labari tun kafin in dawo. Da na shiga gaishe ta, ta ce, "Angon nau ne yac ce gumaka muka yi?" Na ce Inna wasa yake, kin san halinsa da ni. Ta ce, "Wasa da hatimi? Shi yay yi boko, shi yas san abin da ka cikin littahi. Ni ƙahwata guda na kabari, ba ni tahiya da zunubin ɗiyan mutane bisa kaina." Tun ranar ba ta sake zuwa gindin bedi ba. Ko a ɗaki na roƙe ta, sai ta ɗauko zancen gero.

Alhamis ta ƙarshe da ta zo, ta kai inda damo ya kai Mairama bakin wata rijiya. Mairama ta leƙa, rijiya busassa. Damo ya dube ta, ya gangara ciki. Nan ta tsaya, ta ce a gina rijiyar tukuna.

Ba takarda nake so ba. Ka zo da ƙafarka ka zauna gabanta, ta ga fuskarka kana dariya. Tari ya kama ta tun da ruwa ya ɗauke, ba ta cin abin kirki. Ka zo da wuri.

Bilkisu.

Sabon Birni,
13 ga Nuwamba.

Uwar ɗakina Bilkisu,

Kin ga na sauko, na kira ki da sarautarki. Ki maida mani "Yaya" na, wannan "Malam" ɗin ya fi mari zafi. Na yi murna da lafiyar yarinya. Mu ma lafiya.

Abin ya dame ni ƙwarai. Amma ki bar ni in faɗi guda. Takardar da ta fito daga "ofishin Sufeto mai murabus", wane ofishi ne mai murabus ke da shi in ba tabarmar ƙofar gida ba? Wane sufeto ne ke yawo da gatari? Shekara talatin ina koya wa malamai su karanta abin da ke gabansu, ashe har hedimasta bai tsira ba. Da a bakin kasuwa na faɗi maganar nan, da kowa ya yi dariya ya ce taubasai ne sunka haɗu.

Ga takarda na haɗo zuwa ga Malam Hafizullahi, da hatimin nan dai, tunda shi suke ji. Na bayyana cewa wasa ne, kuma abin da kike yi koyarwa ce mai kyau, wadda da na gan ta a zamanina da na yaba. Ki karanta wa amaryata ita ma.

Zuwa kuwa, kin san hanyar. Makon jiya an tare motoci biyu, har yau ba a ji labarin mutum huɗu ba. Ana cewa in an gama yankan dawa za a riƙa yi wa motocin kasuwa rakiya. Da an fara za ni shigo ta farko. Mako uku ne ko huɗu. Tsohuwar da ta ga fari nawa da yunwa nawa, mako uku ba za su gagare ta ba. Ki ce mata ta aje mani fushin, za ni zo in karɓa da hannu biyu.

Ɗanmusa.

Tozai,
2 ga Disamba.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Inna Tasalla rasuwa ranar Talata da la'asar, an kai ta makwancinta kafin magariba. Ba ta sha wahala ba. Allah ya gafarta mata, ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Takardarka ta yi aiki wurin maza. Malam Hafizullahi ya karanta ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ma gatarin ya ɗan tsaya mashi a rai. An ce mu ci gaba. Yara sun koma tafki.

Na karanta wa Inna sau biyu. Ta saurara, ta ce, "Takarda tac ce, takarda ta warware. Takarda ba ta da huska, Bilki, ina za ni gane wadda ka dariya? Bari shi zo." Na ce to ki ba ni ni kaɗai, ba za ni kai makaranta ba. Ta ce a'a, in zunubi ne ko mutum guda ya isa. Ana gobe za ta rasu ta tambaye ni ko motar Sabon Birni ta shigo.

Ban ce hanya na da kyau ba. Amma tun wasiƙarka Amiru ya bi ta sau uku da buhunan gishiri. Na faɗi wannan sau ɗaya, ba za ni sake ba.

Na zagaya tsofaffin gari. Wani ya ce ruwa ya ɓuɓɓugo. Wata ta ce a'a, ita ta ji damon bai sake fitowa ba, shi ya sa muke jin kunyarsa. Da na matsa, kowa sai ya ce shi ba ɗan gidan ba ne, Tasalla ke da labarin. Yara sun gina rijiyar, ta bushe, sun shafa mata kalarka. Kullum sai sun tambaye ni mi ya faru a ciki.

Saura kwana goma sha biyu ranar iyaye. Ka ce ka san labarin tun a cinyar Uwa. Shi ya sa ban durƙusa na yi wa Inna kuka ba, na ce ko ta ƙi akwai Yaya. Ka rubuto mani ƙarshen yadda ka ji shi, ko babu daɗi. Ni za ni ba yara.

Bilkisu.

Sabon Birni,
5 ga Disamba.

Bilkisu,

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya haɗa ta da 'yan'uwanta cikin rahama. Ina yi maki ta'aziyya, ke da kika riƙe ta.

Ban san ƙarshen ba.

Ina aji biyar Uwa ta ba ni shi, ita ma guntu-guntu. Ranar da ta kai bakin rijiya, na ce mata malaminmu ya ce dabba ba ta da hankalin da za ta yi wa mutum jagora. Ta yi dariya ta ce, "To malam, kai ƙarasa muna." Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Na jira ta sake ɗaukowa, ba ta ɗauko ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Da na rubuta maki na san shi, na ɗauka za ni zauna a kujera mai jingina in ji shi tare da yara, ba wanda ya gane.

Kwana uku ina juya littattafaina. Akwai sarakuna, akwai yaƙe-yaƙe da shekarunsu. Babu Mairama, babu rijiya.

Na yi magana da Amiru, za ni hau bisa gishirinsa ranar Asabar. Kada ki ba yara wani ƙarshe na ƙirƙira da sunan Inna. Ranar iyaye su ba da shi har inda ta tsaya, sannan ki kira ni in tashi in faɗa masu dalilin da ya sa ya tsaya nan.

Ni na yi kuskure, Bilkisu. Ki yafe mani.

Ɗanmusa.